Dalma a Ƙasar Lambu: Abin da Ruɓaɓɓen Taki Zai Iya Yi

 Manoman lambu da ke bakin fadama, rediyo na rataye a reshe ana ban ruwa, sannunku da aiki. Iyayenmu mata da ke gyaran ganyen miya a tsakar gida, ku ma ku matso kusa, domin rabin zancen yau naku ne.

Batun dalma za mu yi, wato ƙarfen nan mai nauyi da laushi da ke cikin batirin mota. Za mu duba yadda take shiga ƙasar noma, yadda take bi ta kayan lambu ta kai ga tukunya, da kuma yadda takin da muke iya haɗawa da hannunmu yake tare mata hanya.

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2010 ya ji labarin gubar dalma a Zamfara. A ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma, Abare da Bagega, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, masu haƙar zinare suna kawo duwatsu gida, a farfasa, a niƙa, a shanya a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da dalma. Agwagi suka fara mutuwa ba wanda ya kawo komai a ransa, daga baya ƙananan yara suka shiga amai da jijjiga. Kafin ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin lafiya su shawo kan lamarin, yara kimanin 400 sun rasu, Allah ya jiƙansu. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Waccan dalma ce mai yawa, mai kisa cikin makonni. Akwai wadda ba ta kai haka ba, wadda ba ta kwantar da yaro, ba ta kai shi asibiti, amma tana cin ƙwaƙwalwarsa a hankali. Yaro yana wasa, yana cin abinci, sai dai karatu ya ƙi zama, girma ya ja baya, jini ya yi ƙaranci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini, komai ƙanƙantarsa, da aka sani ba ya cutarwa. Ta kuma ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa daga dalmar da ya haɗiya. A 2020 asusun UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da dalma a jininsa a matakin da ke buƙatar a ɗauki mataki. Mace mai juna biyu kuwa, dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana yarinya tana iya fitowa ta ratsa zuwa ga abin da ke cikinta.

To ina ruwan mai lambu da wannan, alhali ba ya haƙar zinare? Ruwansa da yawa. Shekara da shekaru man fetur ɗin da motoci ke ƙonawa yana da dalma a ciki. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da shi zuwa farkon 2006, Aljeriya ce ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021, amma abin da hayaƙin ya zubar a gefen manyan tituna yana nan kwance, domin dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙona ta, ruwan sama kuma ba ya wanke ta da sauƙi. Ga wuraren da ake fasa tsohon batir ana narka cikinsa. Ga garejin makanikai, ga tsohon fenti da ke ɓarewa daga bango da ƙofofi, ga bolar da ake cinna wa wuta da tarkacen wayoyi da rediyo a ciki. Ga kuma ruwan kwatami da na masana'antu. A Kano, lambunan da ke bin rafin Jakara da na Getsi suna sha ne daga ruwan da ya ratso birni da unguwar masana'antu ta Bompai, kuma masu bincike sun sha auna ƙasa da ganyen wuraren suna samun ƙarafa masu guba, har da dalma.

Abin da ke ɗaure kai shi ne ido ba ya ganinta. Ƙasa mai dalma ba ta canza launi, ba ta wari, latas ɗinta ma yana iya fin na kowa kyau. Ƙasar da ba a gurɓata ba tana da ɗan abin da Allah ya halicce ta da shi, yawanci ƙasa da miligiram 50 a kowane kilo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana ɗaukar miligiram 400 a matsayin iyakar da ake fara bincike a ƙasar gidaje, a farkon 2024 ta sauko da shi zuwa 200. A wasu gidajen Zamfara an auna sama da 100,000. Ku riƙe wannan tazarar a zuciya, za mu dawo kanta.

Yanzu bari mu sunkuya mu duba abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Saiwa ba ta cin ƙasa, ruwa take sha. Abin da ya narke a ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa shi take janyewa. Saboda haka yawan dalmar da ke cikin fili ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, a duba nawa ne daga cikinta yake narkewa. Gonaki biyu suna iya samun dalma daidai wa daida, amma alayyahon ɗaya ya kwashi ninkin na ɗayar. Wadda ta fi bayarwa ita ce ƙasa mai yashi, mai tsami, wadda ba ta da ruɓaɓɓen abu a cikinta. Idan kun lura, na siffanta muku yawancin jigawar ƙasar Hausa ke nan. Ƙasarmu ta tudu sau da yawa ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ga ƙarancin sinadarin fosfaras, ga yuriya da muke zubawa shekara bayan shekara tana ƙara mata tsami.

A nan ruɓaɓɓen taki yake shigowa. Idan ganye da kara da kashin dabbobi suka ruɓe sarai, suka koma baƙar ƙasa mai laushi, wannan baƙin abin yana da ƙarfin kama ƙarafa. Dalma tana manne masa, ta daina yawo a ruwa. Sannan takin yana ɗauke da fosfaras, musamman idan akwai kashin kaji ko garin ƙashi a ciki, shi kuwa fosfaras in ya haɗu da dalma suna dunƙulewa su zama wani ma'adini mai taurin narkewa, wanda saiwa ba ta iya sha, hanjin mutum ma bai cika tsotse shi ba. Takin da ya nuna yana kuma rage tsamin ƙasa. Malaman gona suna auna tsamin da ma'aunin da suke kira pH, kuma idan ya kai 6.5 zuwa 7, narkewar dalma tana raguwa ƙwarai.

Akwai amfanin da ya fi waɗannan sauƙin ganewa, wato sirki. In ka cakuɗa kwando ɗaya na taki mai tsabta da kwando uku na ƙasa, dalmar da ke cikin kowane dunƙule ta ragu. Shuka kuma ta sami abinci, ta yi saurin girma, ɗan abin da ta ɗauka ya bazu a cikin ganye mai yawa.

An gwada wannan a fili. Masu binciken ƙasa na Jami'ar Jihar Kansas a Amurka sun yi gwaji a wani lambun cikin gari a birnin Kansas, a filin da tsofaffin gidaje suka bar wa dalma. Suka raba kwamai, wasu da taki wasu babu, suka shuka tumatir da karas da wani ganye ɗan uwan alayyaho. Kwaman da aka sa wa taki dalmar ƙasarsu ta ragu, wadda ta shiga amfanin ma gaba ɗaya ta ragu. Tumatir ne ya fito da mafi ƙaranci, karas kuma ya fi kowa ɗauka.

Amma ina roƙonku ku ji wannan da kunnen basira, domin a nan mutane ke yin kuskure. Taki ba ya fitar da dalma daga gona. Ɗaure ta yake yi, kamar yadda ake ɗaure akuya mai ɓarna a turke: tana nan da ranta, igiya ce kawai ta hana ta kaiwa ga shuka, igiyar kuma tana ruɓewa. A zafin ƙasarmu, ga gara ga ban ruwa kullum, takin da ka zuba bana kafin shekara ta zagayo ya cinye da yawa. Wanda ya zuba sau ɗaya ya ce ya gama, bai gama ba. Aiki ne na kowace shekara, a kowane sabon shuki.

Sai babbar magana, wadda ita ta fi damuna a duk shirin nan. Wane taki? Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano suke kwasar sharar birni a kan jakuna su kai gona, yau kuma tifa ce ke kawowa. A da dabara ce mai kyau, domin sharar ta wancan lokaci toka ce, da kashin awaki, da ɓawon gyaɗa, da tsohuwar ƙasar gini. Sharar yau daban take. Ka tona tulin da tifa ta juye, za ka ga fasassun batura, gwangwanin fenti, guntayen waya, ƙwan lantarki, da tokar abin da ba ka san mene ne aka ƙona ba. Manomin da ya zuba wannan a kwamin latas da niyyar gyara ƙasa, yana iya zama da kuɗinsa ya sayo wa gonarsa guba. Na san takin bola ya fi araha, na san kuma buhun takin kamfa ya fi ƙarfin talaka. Duk da haka ina cewa, a kan kayan lambun da za a ci ɗanye, a haƙura da sharar da ba a san asalinta ba. In ya zama babu makawa, a ɗauko daga unguwar da aka sani, nesa da masu batir da maƙera da gareji, a tsince ta da kyau, a kai ta gonar hatsi maimakon kwamin ganye. Tsincewa tana rage abin da ido ya gani ne kawai, garin da ya riga ya bi ƙasa ba ya tsintuwa.

Wanda ka haɗa da hannunka shi ne ka san cikinsa. Ka samu inuwa nesa da titi, ka haƙa rami mai zurfin gwiwa zuwa ƙugu. Ka shimfiɗa busassun abubuwa a ƙasa: yankakken kara, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye. Ka bi su da ɗanyar ciyawa da ragowar ganyen lambu, sannan kashin shanu ko na awaki da tumaki, da na kaji in akwai. Ka barbaɗa toka kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka sake hawa na biyu haka, har rami ya cika. Jiƙa ake so, ba caɓi ba. In ka damƙa a hannu ya dunƙule ba tare da ruwa ya zubo ba, ya yi daidai. Ka soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki in ka zaro ka ji ta da zafi, aiki ya kankama. Duk mako biyu zuwa uku ka juya, na gefe ya koma ciki. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa ƙamshin ƙasar farkon damina, ba ka iya gane kara daga kashi.

Kada a yi gaggawar kwashewa. Takin da bai nuna ba yana fitar da wani ruwa mai tsami wanda zai iya narkar da dalma ya ƙara mata tafiya, ka ga an yi ba a yi ba ke nan, ga ƙona shuka, ga tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta da ke cikin ɗanyen kashi. A kula da tokar ma. Ta itacen girki da kara ake nufi. Tokar katako mai fenti, ko ta bola, ko ta taya, kada ta kusanci ramin. Dabbobin da ke kiwo a bola ko kusa da inda ake wanke zinare, kashinsu ma abin tuhuma ne.

Wajen zubawa, a yi hannu sake. Barbaɗe irin na takin zamani ba ya wannan aikin. A shimfiɗa shi kaurin yatsu uku a kan kwami, a kafce shi ya cakuɗu da ƙasa zurfin taƙi ɗaya, domin a wannan saman ne dalma ta fi taruwa, a nan kuma saiwar kayan lambu take. Wanda takinsa bai isa duk lambu ba, ya fara da kwaman ganye da na karas. Ɗan takin supa a kai yana ƙara fosfaras. Bayan shuka ta tsaya, a rufe fuskar ƙasa da ciyawa ko buntu.

Wannan rufin kada a raina shi, ga dalili. Yawancin dalmar da saiwa ta sha a saiwar take maƙalewa, kaɗan ce ke hawa ganye, wadda ke kaiwa ga 'ya'ya kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Sau da yawa abin da ake samu a ganye daga waje ya zo: ƙurar da iska ta ɗora, da taɓon da ya fantsamo lokacin ban ruwa. Ganye mai naɗe-naɗe kamar latas, ko mai kwanciya kusa da ƙasa, shi ya fi tara ta. Ko a Zamfara, binciken da aka yi kan abincin ƙauyukan ya nuna yawancin dalmar da ta shiga hatsi bayan girbi ta shiga, wajen sussuka da daka da niƙa a gurɓataccen wuri.

Daga nan manomi zai iya tsara lambunsa da hikima. Ɓangaren da ya fi kusa da titi, ko tsohuwar bola, ko bakin kwatami, a ba shi masu 'ya'ya: tumatir, tattasai, attaruhu, kuɓewa, yalo, kabewa, masara. A kafa wa tumatir sanda kada 'ya'yansa su kwanta a ƙasa. Alayyaho, latas, kabeji, rama, yakuwa, karas da dankali su koma can ciki, inda ƙasa ta fi tsabta kuma taki ya fi yawa. Shingen zana ko layin masara a bakin titi yana tare ƙura. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta sa iyakar dalma a ganye a miligiram 0.3 a kilo, a masu saiwa kuma 0.1, kuma da irin wannan tsari ne lambun da ke da 'yar matsala yake iya zama a ƙarƙashin iyakar.

Iyayenmu mata, ga naku. Wuta ba ta kashe dalma. Ko an kwana ana tafasa miya, abin da ya shiga tukunya yana nan. Wanki ne maganin ƙura. A cire ganyen waje na kabeji da latas a zubar, a yanke gindin alayyaho, a wanke a ruwa mai tsabta ana sauyawa har sai an daina ganin yashi a gindin roba. A tsamo ganyen daga cikin ruwa, kada a tsiyaye ruwan ta kansa, domin dattin da ya kwanta zai sake hawa. Karas da dankali a goge su, a fere. Masu shanyar kauɗa da kuɓewa da ganyen kuka, a shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta, a bar shanya a kan kwalta ko tsurar ƙasa. A wanke wa yara hannu kafin su ci, a kuma tabbata sun karya da safe, domin cikin da babu komai ya fi tsotse dalma. Abinci mai gina jini da ƙashi, irin su wake, zogale, nono, hanta da ƙananan kifi, yana rage abin da hanji ke ɗauka. Maigida kuma in ya dawo daga lambu, ya bar takalmi a ƙofa, ya wanke hannu kafin ya ɗauki jariri.

Na ce za mu dawo kan tazarar nan tsakanin 200 da 100,000. Duk abin da na faɗa game da taki, na ƙasar da dalmarta ba ta yi tsanani ba ne: gefen titi, tsohon kango, lambun bakin gari. Filin da aka taɓa niƙa dutsen zinare, ko aka narka batir, ya wuce aikin taki. Ko tifa goma aka juye a kai, ƙurarsa kaɗai ta isa ta halaka yaro. A Dareta da Bagega, kankare saman ƙasar gidaje aka yi, aka kwashe aka binne a ramukan da aka tanada, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa, sannan maganin da likitoci ke ba yara ya yi tasiri. Irin wannan wuri ba a noma shi, ba a kiwo a kansa, ba a barin yara su yi wasa a ciki, kuma hukumar lafiya da ta muhalli ake sanarwa.

Wanda yake shakkar ƙasar gidansa amma yana son ɗan ganyen miya, ga noman buhu. A samo ƙasa daga wurin da aka amince da shi, a cakuɗa da ruɓaɓɓen taki, a cika buhun da aka san abin da ya ɗauko a da, a huda gefe, a ɗora shi a kan dutse ko leda yadda saiwa ba za ta kai ƙasan gida ba. Buhu biyar zuwa shida suna riƙe miyar ƙaramin gida.

Tabbas ɗin abin da ke cikin gona kuwa sai da awo. Masu lambu da ke fadama ɗaya suna iya haɗa kuɗi ta hannun ƙungiyarsu ko sarkin noma. A ɗebi ƙasa daga wurare da dama a saman kowane lambu, a cakuɗa, a shanya a inuwa, a ƙulla a leda mai tsabta da sunan mai gona, a nemi malamin gona ya kai ɗakin gwajin ƙasa, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya ko sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa. A faɗa musu a fili cewa dalma da tsami ake so a auna, domin gwajin ƙasa na yau da kullum ba ya haɗawa da dalma. In ruwan kwatami ake ban ruwa da shi, a tafi da kwalbarsa. Idan sakamako ya fito da yawa, yaran gidajen da ke ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu su ne farkon waɗanda za a kai asibiti a nemi a auna dalmar jininsu.